Baƙin Mai a Zauren Kawu

A kakar shekarar da ta biyo bayan samun mulkin kai, kurkunu ya kwantar da ni a Fammar, a gidan kawuna, yayan mahaifiyata. Ban daɗe da kammala karatun aikin gona ba a lokacin, aka turo ni ƙasar Rano a matsayin malamin gona, aka kuma damƙa mini babur domin zagayen ƙauyuka. Da ƙafata ta dama ta kumbura har takalmi ya daina shiga, kawu ya aiko cewa ba zan yi jinya ni kaɗai a ɗakin haya ba alhali yana raye. Na lallaɓa na tuƙo babur ɗin zuwa gidansa, aka tura shi cikin zaure, aka lulluɓe shi da tsohuwar tabarma. A nan ya tsaya tun gero yana fitar da kai har aka fara cirar gyaɗa, ba wanda ya tayar da shi.

Ranar da zan ba da labarinta ta dace da ranar kasuwar Rano. Kurkunun ya riga ya fita, amma bakin miki bai rufe ba, ina dogara sanda. Da hantsi ina zaune a dakalin ƙofar gida sai na hango mutane sun nufo mu da sassarfa, sun ɗauko wani a kan asabari. Ɗan kawu ne, ɗansa na fari, wanda muka tashi tare, muke wasan taubasai tun muna yara. Ya ɗaga tarin gyaɗar da aka cire aka shanya, kububuwa ta sare shi a idon sawu. Wani daga cikin masu rakiya yana riƙe da macijin a kan sanda, an farfasa masa kai.

Kafin su iso gida sun biya da shi wurin wanzami, ya tsaga wurin saran, ya kafa ƙaho, an kuma ba shi saiwa ya tauna. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne tsagar ta ƙi daina jini. Ba fita yake yi da ƙarfi ba, tsattsafowa kawai yake yi, a share ya dawo. Da ya buɗe baki zai yi magana, na ga haƙoransa sun yi ja.

Ya ce, “Kai bawa, yau ranar aikinka ce. Tashi ka ɗaura wa abin nan naka sirdi.”

Da yake shi ɗan namiji ne ni ɗan mace, a wasanmu ni bawansa ne, kuma bai taɓa barin na manta ba.

Na ce, “Ranka ya daɗe, duk faɗin gonar nan maciji ya rasa abin sara sai wannan ƙafa mai faso?”

Ya yi dariya, sannan ya tofar da yawu, aka yi sauri aka tura ƙasa aka rufe.

Na san ƙaramin ɗakin shan magani na Rano ba ya ajiye allurar dafin maciji, sai babban asibiti a birnin Kano. Na kuma san babbar motar da ke kawo ’yan kasuwa tana ɗora buhunan gyaɗa ta juya birni da zarar an idar da azahar, ba kuwa wata sai kasuwa ta zagayo. Jaki ba zai kai mu kafin ta tashi ba. Babur ne kaɗai zai iya.

Kawu yana tsaye can gefe, hannayensa a baya. Bai matso kusa da asabarin ba, bai ko dubi wanda ke kai ba. A wurinmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya nuna damuwa da shi a gaban jama’a, ko da cikinsa yana ci da wuta. Abin da ya ce kawai shi ne, “A fito wa malam da abin hawansa, ya kai yaron nan.”

Aka yaye tabarma. A ƙarƙashin injin, daɓen zauren ya yi baƙin tabo mai faɗin tafin hannu. Na sa aka turo babur ɗin waje, na nemi wuri mai daidai a gindin bango, muka ɗora shi a kan ƙafarsa ta tsakiya domin ya tsaya cak, kada ya karkata ya ruɗe ni. Fetur yana nan fiye da rabi. Na durƙusa wajen ƙaramin tankin da ke ƙarƙashin sirdi, wanda ke riƙe da baƙin mai, man da ke zagayawa cikin inji yana hana ƙarfe cin ƙarfe. A jikin tankin akwai zane biyu, na sama da na ƙasa, kuma a tsakaninsu ya kamata man ya tsaya. Na kwance murfi na leƙa, ban ga ƙyallinsa ba. Na zare tsinke daga danni, na goge shi da gefen rigata, na zura har ya taɓa gindi. Da na zaro, bakinsa kaɗai ya jiƙe. Gwangwanin man da nake ƙari da shi kuwa yana can ɗakina a Rano.

Kawu ya ce, “Me ka gani?”

Na miƙa masa tsinken da hannu biyu, na ce, “Kawu, baƙin mai ya yi ƙasa ƙwarai.”

Ya dubi tsinken, ya shige cikin gida. Jim kaɗan ya fito da kwalba cike da man gyaɗa, sabon matsa, na ƙuliƙulin da Inna matarsa ta yi. Ya miƙo mini.

“Mai ai mai ne. Zuba, ka cika shi har baki, ku tafi.”

Ban karɓa ba. A gidanmu ba a barin hannun babba a miƙe, kuma duk wanda ke ƙofar gidan ya ga na bar shi.

Dalilina kuwa shi ne wata magana da bakaniken da ya damƙa mini babur ɗin a Kano ya faɗa mini. Ya ce irin wannan babur in ya daɗe a tsaye, man yakan silale a hankali daga tanki ya gangara ya taru a cikin inji, sai tanki ya zama kamar babu komai alhali man yana nan a ƙasa. Wanda ya ga haka ya cika tankin, da zarar ya tayar da inji tsohon man zai dawo ya tarar babu wurinsa, ya yi ambaliya ta bayan tanki, ya wanke tayar baya. Na tuna da hanyar da ke gabanmu, mai duwatsu da gangara, da marar lafiya ɗaure a bayana, taya kuma tana santsi. Ban da wannan, ban san abin da man gyaɗa zai zama ba in inji ya yi zafi. Amma maganar bakaniken ji kawai na yi, ban taɓa gani da idona ba, ga kuma tabo a daɓen zaure yana nuna cewa wani abu ya zuba. In man ya tsiyaye ne da gaske, injin zai ƙame mana a tsakiyar daji, inda babu ko inuwar kirki.

Na ce, “Kawu, ka yi mini haƙuri. Bari in tayar da shi in gani tukuna. Yana yiwuwa man yana ciki.”

“Ka zura tsinke da hannunka ka ga babu.”

“Ya sauka ƙasa ne, wataƙila. In inji ya juya zai hawo.”

“Wataƙila,” in ji shi. Ya tsaya da kwalbarsa a hannu, bai ajiye ba.

Da ƙafar dama ake taka sandar tayar da inji, ita ce kuwa mai miki. Na sa wani maƙwabci ya gwada, amma bai san yadda ake sakin nauyi a kai ba, sandar ta dawo ta buge masa ƙwauri, ya koma gefe yana tsalle. Na hau da kaina. Bugun farko na ji kamar an caka mini kibiya tun daga agara har ƙugu. Injin ya yi nauyi fiye da yadda na saba, kamar ana tuƙa tuwo. Na sake bugawa, na sake, tsumman da ke ɗaure a ƙafata ya jiƙe. Ban san sau nawa na buga ba, sai dai na ji ya yi tari, ya shaƙe, sannan ya kama.

Wani farin hayaƙi mai kauri ya turnuƙe ƙofar gidan. Mutane suka watse, wani yana cewa a kawo ruwa ya kama da wuta. Na ɗaga hannu na hana su. Hayaƙin ya ɗan kwantar mini da rai, domin alama ce ta man da ya taru a inda ba wurinsa ba. Na bar injin yana bugawa a hankali, na durƙusa, na kafa ido a bakin tanki. A can ciki, kusa da wuya, akwai ɗan bakin bututu wanda man ke dawowa ta cikinsa in ya gama zagaye. A bushe yake.

Ban taɓa jin lokaci ya yi mini tsawo kamar wannan ba. Inji yana aiki, babur yana tsaye, ni kuma ina durƙushe ina leƙen rami, a bayana mutum yana zubar da jini. Inuwar bangon da muka fake a ciki tana ta janyewa. Wani dattijo, abokin kawu, ya kasa haƙuri.

“Haba malam! Abu ya tashi, me kuma ake jira? Ko sai an yi masa kiɗa?”

Taubashina ya ɗago kai daga kan asabari ya ce, “Ku ƙyale shi, Baba. Rijiyar kakansa ce yake dubawa ko ta kawo ruwa.”

Ba wanda ya yi dariya. Muryarsa ta riga ta fara dusashewa.

Bututun ya tofo kumfa, ya yi shiru, ya sake tofowa. Daga nan sai baƙin mai ya ɓalle, yana zubowa siriri ba yankewa. Na ce, “Ga shi nan, Kawu, zo ka gani.” Bai zo ba, amma na ga ya sauke hannunsa mai kwalba. Na ci gaba da kallo, man yana hawa a hankali, hayaƙi yana raguwa. Can sai zubowar ta fara yankewa, tana haɗuwa da kumfa, wato abin da ke ƙasa ya ƙare ke nan. Na kashe injin, na dakata kumfar ta kwanta, na zura tsinke, na zaro, na kara shi a jikin tanki. Man bai kai zanen ƙasa ba. Saura kamar faɗin yatsu biyu.

Na san yadda na bar shi, domin ranar da na zo yana dab da zanen sama. Tabon da ke zaure kuwa bai fi cokali ba. Na ɗaga kai na ce, “Man nan bai cika ba. Ba zuba ya yi ba, kuma ba ya cikin inji. Ko akwai wanda ya buɗe tankin nan?”

Kawu ya gyara murya, ya dubi bango.

“Jakin gidan nan ya yi gyambo a gadon baya. An ce baƙin mai yana kashe shi. Na ɗiba kaɗan.”

Dattijon da ya yi mini faɗa ya sosa gemu ya ce shi ma ya roƙi kaɗan saboda ƙazuwar awakinsa. Wanda sandar ta buge ya ce nasa bai kai a faɗa ba, sarƙar kekensa ce take kuka. Babu wanda ya ɗauki abin a matsayin laifi, ni ma ban ɗauka ba. A ƙauye in an ji akwai magani a zauren wani, zuwa ake yi a roƙa, mai gida kuma ba ya cewa a’a. Ni ina kwance a ɗaki da zazzaɓi, ba su ga dalilin tashina saboda abin shafa wa jaki ba.

Na ce, “Duk wanda nasa ya yi saura, don Allah ya kawo yanzu.”

Suka ruga. Na kawu yana cikin gwangwanin madara da aka soke a rufin turken jaki, da gashin kaza a ciki wanda ake shafawa da shi. Na dattijon yana cikin sakaina. Na mai keke ya ƙare. Da na duba abin da aka kawo, sai na ga duk ƙasa ce da ƙaiƙayi da matattun ƙudaje a ciki. Zuba shi haka daidai yake da zuba wa inji yashi. Na ce a ba ni kwano mai tsabta da ƙyalle mai laushi. Kafin a shiga gida nema, kawu ya warware rawaninsa, ya ninka jelarsa, ya shimfiɗa a bakin kwanon sha, ya riƙe da kansa. Ban taɓa ganin kansa a waje babu rawani ba sai ranar.

Man ya yi kauri, ya ƙi ratsa ƙyallen, sai ɗigo ɗaya bayan ɗaya. Na ɗora gwangwanin a jikin injin da ya riga ya yi zafi har ya tsinke, sannan na sake zubawa. Ya fara wucewa. Kawu yana riƙe da kwanon, fuskarsa ba ta nuna komai ba. Daga bayan ƙofar da ke shiga cikin gida na ji muryar Inna, ƙasa-ƙasa, da ni take magana ba da ɗanta ba.

“Ɗan nan, rana tana yi.”

Na ce, “Na gani, Inna. Yanzu za mu tashi.”

Na tsiyaya abin da aka tace a cikin tanki, na sa yatsa na kalace kwanon, na dakata ya sauka, na zura tsinke. Ya taɓa zanen ƙasa, bai wuce shi ba ko da ƙwayar gero. Zai kai mu, in ban matsa wa injin ba. Ma’anar haka kuwa ita ce ba zan yi gudun da raina yake so ba. Na ɗaure murfi tamau.

Aka ɗaga taubashina aka zaunar da shi a bayana. Kawu ya ɗauki rawanin nan da baƙin tabonsa, ya zagaye mu da shi, ya ƙulle a ƙirjina, ya ja ƙullin ya tabbatar. A duk ranar, wannan ne kaɗai lokacin da hannunsa ya taɓa jikin ɗansa. Ya dube ni ya ce, “Allah ya kiyaye hanya,” ya juya ya shiga zaure.

Na bi hanyar a hankali, kunnena yana kan injin. Duk ƙarar da na ji sai in ɗauka ƙarfe ne ya fara cin ƙarfe. A mashigin rafi yashi ya riƙe tayoyi, dole na sa ƙaramar giya, inji yana gurnani, zafinsa yana dukan mikina, ina dogarawa da ƙafafu biyu har muka haye. Da farko taubashina yana ta zuba, yana cewa jakinsu ma ya fi wannan abu sauri, kuma in mun isa sai ya sayar da ni ya sayi bawa mai zuciya. Bayan mun wuce Kibiya maganarsa ta ragu. Kansa ya kwanto a kafaɗata, na ji ɗumi yana ratsa rigata a wurin da bakinsa yake.

A gindin wata kuka na tsaya ba tare da na kashe injin ba. Na laluba ƙarƙashin cinyata na kwance murfin, na karkata iyakar yadda ɗaurin ya bar ni, na leƙa. Bututun yana zubowa. Na mayar da murfi.

Ya ce, “Mun zo?”

Na ce, “Saura kaɗan. Kada ka yi barci, yi mini faɗa.”

“Na gaji,” in ji shi.

Duwatsun Rano sun bayyana a gabanmu lokacin da na jiyo kiran salla daga nesa. A nan na ƙara wuta, na ce in zai ƙame ya ƙame a inda mutane za su gan mu. Muka ratsa masu jakuna da masu tallar fura da ke bakin kasuwa, na nufi gindin durumin da motar ke tsayawa. Ba ta nan. Sai sawun tayoyinta da ɓawon rake.

Na tsaya ina dube-dube. Wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta dubi rigata, ta dubi wanda ke bayana, ta miƙe tsaye tana nuni da hannu.

“Ɗana, bi nan da sauri! Tana wurin sikeli a bakin gari, ana ƙarasa lodin buhuna.”

Na same ta an ɗaure igiya, direba ya riga ya hau, yaran mota suna cire katakon da ke tare taya. Na sha gabanta na tsaya. Direban ya leƙo zai yi faɗa, da ya ga abin da ke bayana sai ya yi salati ya diro. Ya roƙi wani ɗan kasuwa da ke zaune a gaba ya koma saman kaya, mutumin kuwa bai yi musu ba. Aka yanke ƙullin rawanin da wuƙa domin ya ƙi kwancewa. Na bar babur ɗin a hannun mai sikeli, na shiga na rungume taubashina a cinyata har birni.

A asibiti suka tambaye ni irin macijin, na faɗa. Aka yi masa allura, aka ɗebi jininsa a wata ’yar kwalba aka ajiye a kan tebur. Ma’aikacin da ke kula da shi ya bayyana mini cewa muddin dafin yana aiki, jinin ba zai daskare ba. Da ya dawo ya karkata kwalbar, jinin ya gangara kamar ruwa. Aka ƙara allura. Na zauna a ƙasa kusa da gadon, ina goge masa baki da tsumma, ni ma wani ya zo ya wanke mini ƙafa ya ɗaure.

Washegari da safe aka sake ɗiba aka ajiye. Da lokacin dubawa ya yi, ma’aikacin ya kira ni da hannu, ya ɗaga kwalbar a gaban taga, ya karkata ta, sannan ya kifa ta gaba ɗaya. Jinin bai motsa ba. Na duba tsumman da ke hannuna, na ga tun asuba bai ƙara jiƙewa ba. Na fita na nemi wani falke da zai bi ta Kibiya, na ce in ya isa ya aika Fammar a gaya wa kawu cewa jinin yaron nan ya tsaya, har ya nemi koko ya sha.